Dajin Rugu: Ƙarfin 'yan bindiga da lagonsu, daga Tsaskiya zuwa Batsari

Tsaskiya na cikin garuruwan ƙaramar hukumar Safana a yammacin jihar Katsina. Sunanta, kamar na Runka da Zakka da Gora, da kuma Ruma da Wagini a ɓangaren Batsari, ya daɗe yana fitowa a labarai kan abu guda: 'yan bindiga sun shigo, sun kashe na kashewa, sun kora shanu, sun tafi da mutane.

Fiye da shekara goma ke nan ana cikin wannan hali. An gwada sulhu, an gwada jiragen yaƙi, an rufe kasuwanni, an katse layukan waya, an ɗauki matasa aikin tsaron garuruwansu. Wani abin ya yi tasiri na ɗan lokaci, wani bai yi ba ko kaɗan.

Shi ya sa tambaya ɗaya take ta dawowa a majalisu da teburan mai shayi: ta yaya mutanen da ba su da jirgi, ba su da tankar yaƙi, ba su da ko shugaba guda, suka gagari sojoji da 'yan sanda tsawon wannan lokaci?

Amsar tana cikin abubuwan da suka ba su ƙarfi. Amma idan ka bi igiyar kowanne daga cikinsu, za ka tarar a cikin gari aka ɗaure ta.

Masu buga wasannin yaƙi na kwamfuta sun san irin wannan lissafi. A 1995 kamfanin Westwood na Amurka ya fitar da wasan Command & Conquer, wanda aka gina kan ƙagaggen labarin wani ma'adini mai suna Tiberium da ya faɗo duniya daga sararin samaniya. Ɓangare biyu ne ke yaƙi a kansa. Akwai rundunar GDI mai manyan tankoki da goyon bayan ƙasashen duniya, akwai kuma ƙungiyar Nod, miyagun labarin, ƙarƙashin wani shugaba da ake kira Kane. Nod ba ta iya tsayawa gaba da gaba. Ƙananan motoci take da su, da babura masu harba roka, da tankoki masu ɓacewa daga gani. Ta kai farmaki ta gudu. Sabon ɗan wasa yakan ɓata lokacinsa yana bin baburan da manyan tankoki har a cinye shi. Wanda ya ƙware kuwa, motar da ke kwaso ma'adinin yake nema, da tashoshin wutar lantarkinsu, domin da zarar kuɗi da wuta sun yanke, hasumiyar tsaron da Nod ke taƙama da ita ma daina harbi take yi.

Abin da ke faruwa a Tsaskiya ba wasa ba ne, wanda aka kashe ba ya tashi a sake sabon zagaye. Sai dai kuskuren sabon ɗan wasan nan, na bin babur da tanka, shi hukumomi suka shafe shekaru suna maimaitawa.

Daji da babur

Ƙarfin farko shi ne dajin kansa. Rugu ya ratsa Jibia da Batsari da Safana da Ɗanmusa har zuwa wajejen Ƙanƙara, ya haɗe da dazukan Zamfara ta yamma, ta arewa kuma ya kusanci iyakar Nijar ta ɓangaren Maraɗi. Wanda aka koro daga Katsina, cikin 'yan sa'o'i ya faɗa wata jihar mai wani gwamna da wani kwamishinan 'yan sanda, ko ma wata ƙasar.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin yankin. A ƙarni na 19 ta wannan daji mahara daga Maraɗi ke biyowa su afka wa ƙasar Katsina, kuma garuruwa irin Ruma a bakin dāgā suke. A shekarun 1960 gwamnatin Arewa ta yi ƙoƙarin mayar da dajin wurin kiwo na zamani, wanda aka sani da Ruma-Kukar Jangarai, aka yi madatsun ruwa, aka kafa wurin sarrafa madara a Runka. Da aka yi watsi da waɗannan, gonaki suka ci burtali, ɓarayin shanu suka fara da makiyayan da ke cikin dajin kafin su waiwayo kan manoma. Wurin da gwamnati ta bari, shi masu bindiga suka gada.

Sai babur. Mutum biyu ko uku a kan Boxer ko Honda guda, ɗaya na tuƙi, sauran riƙe da AK-47. Babur na bin hanyar shanu, yana ratsa gona, ana iya ɗaga shi a tsallake rafi da damina, inda motar Hilux ta jami'an tsaro za ta kafe. Kafin labari ya kai Safana ko Dutsin-ma, kafin a samu mai a mota a taso, an gama ɓarna an koma.

A daren 14 ga Fabrairun 2020 aka afka wa Tsauwa da Ɗankar a Batsari, 'yan sanda suka tabbatar da mutuwar mutum 30. Wata biyu bayan haka, ranar 18 ga Afrilu, aka kai hare-hare kusan lokaci guda a ƙauyukan Safana da Dutsin-ma da Ɗanmusa, aka kashe mutum 47. Babu yadda za a yi ƙafa ko mota su yi wannan ɓarna cikin dare ɗaya a wurare masu nisa haka.

To amma babur mai yake sha, kuma babu gidan mai a cikin Rugu. Yana buƙatar taya da fulogi da baƙin mai da makanike. Mai tuƙa shi yana buƙatar shinkafa da taliya da burodi da magani da ƙwayar da yake haɗiya, da katin waya, da wurin caji. Babu ɗaya daga cikinsu da ke tsirowa a daji. Duk wanda ya taɓa jin yadda ake cinikin kuɗin fansa ya san sau da yawa ba a kan kuɗi kaɗai ake tsayawa ba: sai an haɗa da sabon babur, ko jarkokin mai, ko buhunan abinci, ko katin waya. Wanda ya nemi a biya shi da babur ya faɗa maka da bakinsa cewa ba zai iya shiga gari ya saya ba.

Abin da aka gwada a 2021

Gwamnatin Aminu Bello Masari ta fahimci wannan. A ƙarshen watan Agustan 2021 gwamnan ya sa hannu kan dokar da ta rufe hanyar Jibia zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da dabbobi a manyan kasuwanni ciki har da na Batsari da Safana, ta hana sayar da fetur a jarka, ta hana goyon mutum uku a babur. A watan Satumba aka katse sabis na waya a ƙananan hukumomi 13, Safana da Batsari na ciki. Daga baya har sana'ar cajin waya aka hana a wasu wuraren. Zamfara da Sokoto da Kaduna ma sun ɗauki matakai irin waɗannan.

An ga alamar matsin. A lokacin an riƙa samun rahotanni daga Zamfara da Sokoto cewa wasu 'yan bindigar abinci suke nema a madadin kuɗi.

Sai dai dokar ba ta bambanta ɓarawo da wanda ake sata wa. Ɗan ƙauyen da ya hango ayarin babura ba shi da sabis ɗin da zai kira ya sanar. Mai akuya biyu da ke son sayar da ɗaya ya kai matarsa asibiti ba shi da kasuwa. 'Yan bindigar da ke kusa da iyaka kuwa suka koma amfani da layukan Nijar, wasu suka yi ƙaura zuwa inda dokar ba ta kai ba. Fetur ma bai daina shiga daji ba, tsada kawai ya yi, kuma duk lokacin da farashin jarka ya ninka a daji, sai an samu ƙarin masu ganin ribar ta kai su sayar da ransu. Zuwa ƙarshen shekarar aka fara maido da sabis, sauran matakan ma aka sassauta su a hankali.

A ganina, an gano lagon daidai, makamin ne aka ɗauko wanda bai dace ba. Aikin aska aka ba gatari. Masu kai wa daji kaya ba dukan gari ba ne, wasu 'yan tsiraru ne, kuma a gari irin Tsaskiya inda kowa ya san kowa, sanin wanda ke sayen burodin da ya fi ƙarfin gidansa ba ya buƙatar na'ura.

Da ɗan gari akan ci gari

Nan ne ainihin maganar take. Ta yaya mutumin da ke kwana a daji yake sanin wane ne ya sayar da shanu a kasuwar Batsari yau, ko gidan da ɗansu ya aiko da kuɗi daga Legas, ko daren da jami'an tsaro suka janye? Infoma ne. Kalmar ta shiga bakin kowa a yankin, har yara sun san ta.

Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, wanda ya hau mulki a 2023, ya sha faɗa a fili cewa harkar ta zama kasuwanci, kuma akwai hannun wasu mutanen gari da ma wasu jami'ai a ciki. Ba ƙaramar magana ba ce a ce gwamna ne ya faɗe ta.

Amma ya kamata a rarrabe. Akwai wanda kwaɗayi ya kai shi, ana ba shi kaso daga kuɗin fansar maƙwabcinsa. Akwai wanda ƙiyayya ta kai shi, rigimar gona ko ta aure ko ta gado, ya ga hanyar ramuwa. Akwai kuma garin da gaba ɗayansa aka sa wa harajin noma, aka ce ko su biya ko kada kowa ya je gona, wani lokaci ma a tilasta musu noma gonar kachalla kafin tasu. Na ƙarshen nan ba infoma ba ne, mutane ne da hukuma ta kasa karewa suka nemi hanyar kwana da rai. Haɗa su wuri guda da na farko shi ke sa gari ya rufe bakinsa.

Lagon da ke cikin wannan ƙarfi shi ne labari hanya biyu yake bi. Bakin da ya kai labarin gari daji zai iya kawo labarin daji gari. Mai kai burodi ya san hanyar daba. Wanda aka sako bayan an biya fansa ya san yawan mutanen da ya gani da irin makamansu. A watan Satumban 2024 sojoji suka yi wa Halilu Sububu kwanton ɓauna a Zamfara suka kashe shi, mutumin da aka daɗe ana ambata a cikin manyan masu safarar makamai a yankin. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai wani ya faɗi hanyar da za a bi da lokacin da za a bi ta.

Abin da ke hana mutane magana sananne ne. Mutum ya kai rahoto da safe, da dare a zo gidansa a maimaita masa abin da ya faɗa. Muddin mai ba da labari bai amince sirrinsa zai tsaya inda ya kai shi ba, zai gwammace ya yi shiru.

Kan wannan ne aka kafa rundunar tsaron al'umma ta jihar, wadda aka fi sani da C-Watch, a watan Oktoban 2023, da matasa kusan 1,500 a rukunin farko, waɗanda aka ɗauko daga ƙananan hukumomin da abin ya fi shafa. Hikimar a bayyane take: ɗan Runka ya san hanyoyin Runka fiye da sojan da aka turo daga wata jiha, kuma shi ma a babur yake. Haɗarin ma a bayyane yake. Tarihin 'yan sa-kai a Katsina da Zamfara ya nuna duk lokacin da aka tare Bafulatani a kasuwa aka kashe shi don kawai kamanninsa, an ba kachalla sabbin yara kyauta, kuma an toshe bakin makiyayin da ya fi kowa sanin dajin. Mafi yawan makiyayan Rugu su ma shanunsu aka kwashe.

Runduna marar sarki

Boko Haram tana da shugaba da aƙida. 'Yan bindigar Rugu dabobi ne barkatai, kowane kachalla da yaransa da yankinsa. A Nuwamban 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, amma hukuncin bai mayar da su ƙungiya ɗaya ba.

Wannan rarrabuwa ta yi musu amfani ƙwarai. A kashe kachalla yau, gobe yaransa sun rabu gida uku kowa ya zama kachallan kansa. A yi sulhu da wannan daba, waccan ta ce ba da ita aka yi ba. Masari ya yi afuwa a Janairun 2017, aka miƙa makamai a Ƙanƙara. Ya sake yin sulhu a Satumban 2019, har ya shiga yankunansu da kansa, hotonsa tsaye kusa da wani mai rataye da bindiga ya zagaya ƙasar nan. Kafin tsakiyar 2020 ya fito ya ce an ci amanarsa, ba zai ƙara ba. A ranar 11 ga Disambar wannan shekarar aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida.

Amma duba yadda manyansu ke ƙarewa. Buharin Daji, wanda ya addabi Zamfara, Dogo Giɗe ne ya kashe shi a Maris ɗin 2018, ba soja ba. Auwalun Daudawa, wanda ya jagoranci satar ɗaliban Ƙanƙara, ya tuba a Fabrairun 2021, ya koma daji, kafin ƙarshen Afrilu wata dabar ta harbe shi a faɗan shanu. Abin da ya haɗa su kuɗi ne da shanu, kuma su ne ke raba su. Yaron da ke riƙe da bindigar haya ya san kason da yake samu bai kai na maigidansa ba, kuma shi ake turawa gaba.

Wanda ya shiga don kuɗi ko don ramuwa ana iya fitar da shi, idan akwai inda zai koma da abin da zai ci. Wanda aka cusa wa aƙida fitar da shi ya fi wuya. Shi ya sa ɓullar Lakurawa a Sokoto da Kebbi, da zaman Ansaru a dazukan Birnin Gwari, ya kamata su hana mahukunta barci. Ranar da wani ya iya haɗa dabobin nan ƙarƙashin tuta ɗaya, wannan lagon ya rufe.

Abin da suka roƙa a wurin sulhu

A 2025 aka shiga wani sabon babi. Tun daga Janairu aka yi zama a Batsari, inda wasu jagorori irin su Abu Radde da Umar Black suka miƙa wasu makamai suka saki mutanen da ke hannunsu. Jibia ta bi a ƙarshen Fabrairu, sai Safana da Ɗanmusa da Kurfi da wasu. Gwamnatin jihar ta ce ita ba ta roƙon 'yan bindiga sulhu, amma ba ta hana al'umma da shugabanninsu yin nasu ba.

Duk mai son sanin lagon mutanen nan, ya saurari abin da suke nema a waɗannan tarurruka. A bar su su shiga kasuwa su saya su sayar. A bar iyalansu su je asibiti. A daina kama su ko kashe su a hanya. A sako 'yan uwansu da ke tsare. A yi musu ruwan shanu da makaranta. Mutumin da ke da bindiga da miliyoyin kuɗin fansa, amma matarsa ba ta iya zuwa awo, kuma ba ya iya kai saniya kasuwa sai ta hannun dillalin da zai saye ta a rabin kuɗi, ya gaji da zaman daji ko da bai faɗa ba.

Sulhun ya kawo sauƙi, wannan ba a musun sa. Hanyoyin da aka daina bi an koma bi, gonakin da aka bari shekaru an koma nomawa a sassan Jibia da Batsari da Safana. Wanda ke zaune a Abuja ko Kano yana iya cewa bai kamata a zauna da masu kisa ba, amma ba shi da bakin zargin manomin Tsaskiya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 ne suka mutu sakamakon tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shidan farko na 2025. Ba rashin tsaro kaɗai ya jawo haka ba, amma gonar da ba a noma ba tana cikin lissafin.

Matsalar ita ce da bindigoginsu suke zuwa taron, da su kuma suke komawa. Hotunan da suka yi ta yawo a Facebook da TikTok sun nuna haka, wasu har da jigidar harsasai a wuya. Kuma wanda ya yi alƙawarin ba zai taɓa Safana ba, bai yi alƙawarin komai kan Malumfashi ba. A ranar 19 ga Agustan 2025 aka buɗe wa masallata wuta suna sallar asuba a Unguwar Mantau da ke Malumfashi, aka kashe gomman mutane. Zuwa ƙarshen shekarar hare-hare sun fara taɓa ƙananan hukumomin Kano da ke iyaka da Katsina, irin su Shanono da Tsanyawa.

Wato abin da dokar 2021 ta so yankewa, sulhun 2025 ya buɗe shi. Yanzu mai da abinci da magani da makanike duk suna samuwa cikin sauƙi ga wanda ya yi sulhu a nan, ko da gobe zai hau babur ɗin ya tafi aiki a can. Kasuwar nan da suke roƙo ita ce babban abin da gari ke riƙe da shi, kuma bai kamata a bayar da ita a kan alƙawarin baki ba. Idan za a buɗe, a buɗe da sharaɗi: a ƙirga makamai, a san yaran kowane kachalla, kuma dabar da aka samu da hannu a harin wata ƙaramar hukuma ta rasa damar shiga kasuwar tata.

Akwai kuma abu ɗaya da ba a sayar da shi a kasuwar Batsari ko ta Safana, wato harsashi. Bindiga tana shekaru tana aiki, harsashi kuwa sau ɗaya ake harba shi. An sha kama masu safararsa, har da mata, sun ɓoye shi cikin kayan abinci a motocin haya, wasu daga jihohin tsakiyar ƙasar nan, wasu ta iyakar Nijar, wadda haɗin gwiwar tsaro da ita ya yi rauni tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Mai ɗauko kayan ake nunawa 'yan jarida. Wanda ya sayar masa, da rumbun da kayan suka fito, ba kasafai ake jin an kai su kotu ba.